Wasiƙa ga Edita: Dan Allah a leƙa tsohon dogon Kano zuwa Nguru

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan taku, kuma tun yanzu ina neman afuwa dan maganar tawa da ɗan tsawo, tsufa ne, tsoho in ya kama zancen da sai an ce masa tuwo na hucewa yake tsayawa.

Abinda yasa na ɗau waya nake wannan rubutun shine, tun da aka aza harsashin sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, duk sanda na ga labarin jirgin ƙasa a jarida toh shi ne, zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ga reshe zuwa Dutse, ko kuma labarin na Abuja zuwa Kaduna. Wallahi ba baƙin ciki nake ba, Allah ya sa a gama lafiya mu ma mu hau kafin mu bar duniya. Amma akwai wani layin da ya tashi daga Kanon nan ya nufi gabas, yau shekara casa'in da 'yan kai, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa ya je ya tuƙe a Nguru, kuma shi ba mai ko ambatonsa, kaman ba a taɓa yinsa ba. Ni a bakin wannan layin aka yanke min cibiya, a wata 'yar ƙaramar tasha tsakanin Ringim da Malam Madori, ba sai na faɗi sunanta ba dan kar 'yan garinmu su ce na tona musu asiri a jarida.

Watan jiya naje garin ta'aziyya, na tafi da jikana ɗan shekara 12, haifaffen Kano ne bai taɓa kwana a ƙauye ba. Bayan la'asar nace masa taso na nuna maka inda kakanka ya yi wayo. Mukaje tasha. Malam Edita tumfafiya ce ta fito tsakanin ƙarafan har ta kai ƙuguna, ɗakin da ake yankar tikiti awaki ne kwance a ciki suna tuƙa, a kan dandamalin da fasinja ke tsayawa mata sun shanya kuɓewa da zoɓo, tankin ruwan nan da nake ganin ya kai sama dan tsayi ashe ɗan guntu ne, yana nan ya yi tsatsa. Yaron ya duba gabas ya duba yamma sai yace min wai tsoho kai dai ka iya tatsuniya, da gaske jirgi na bi ta nan? Na yi dariya dan wasan jika ne, amma da daddare na kasa barci. In jikan leburan reluwe yana ganin zancen tatsuniya ne, ina ga sauran yara.

Toh bari na ɗan koma baya dan masu karatu matasa. Dogo ya shigo Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, kuma ba daga Legas ya fara zuwa ba kaman yadda da yawa suke zato, daga Baro ne, wani ɗan gari a bakin kogin Kwara, inda jirgin ruwa ke sauke ƙarafa da injuna a ɗora su a dogo. An fara aikin a 1907 lokacin Gwamna Girouard wanda shi dama injiniyan reluwe ne, mil 356 daga Baro zuwa Kano ta Minna da Kaduna da Zariya. Sai a 1912 aka haɗe shi da layin Legas ya zama abu ɗaya, kuma ko a lokacin babu gada a Jebba, a jirgin ruwa ake ɗora taragu a haye da su sai da aka gama gadar bayan wasu shekaru. Su waye sukai aikin? Kakanninmu. Ta hannun hakimai da dagatai ake ɗibar mutane, kowane gari a ce ku kawo mutum kaza, shine ake cewa aikin diga, kuma har na girma in tsoho yana so ya ce wahala ta kai wahala sai yace kaman diga. Kenan masu cewa Bature ya yi mana dogo su dinga ƙarawa da cewa da kwandon kakanninmu a ka akai shi.

Kuma Baturen nan ba dan yana sonmu ya yi ba, auduga yake nema wa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi kuma in ba a saya ba ka ci abarka, auduga kuwa ba ta shiga miya, sai suka juya ga gyaɗa, Bature ya ga ba yadda zai yi ya bi su. Daga nan ne su Alhassan Ɗantata da suka riga suka goge a fataucin goro na Gwanja suka shiga sayen gyaɗa wa kamfanoni. Da abin ya yi daɗi sai aka fara miƙa 'ya'yan layi cikin ƙasar noma, ɗaya daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ɗaya kuma namu, ya isa Nguru a 1930 zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, tsawonsa wajen kilomita 230.

Ga abinda nake so mutane su lura da shi, dan shine zuciyar maganata. Layin nan bai shiga Haɗeja ba, bai shiga Gumel ba, manyan biranen sarauta guda biyu a yankin, ya bi ta tsakaninsu ya wuce abinsa. Wasu dattawa na cewa wai fushi ne Bature ya yi da Haɗejawa saboda yaƙin da sukai da shi a 1906, ni dai inaga duk wanda ya san yadda fadamar kogin Haɗeja ke cika da damina ya san dalilin da yasa mai awon hanya zai gwammace ya bi ta tudu, Bature ba ya fushin da zai ci masa kuɗi. Ko ma dai mene ne, sakamakon shine Malam Madori ta zama ƙofar Haɗeja, Gagarawa ta zama ƙofar Gumel da Maigatari, duk wanda ke da kaya dole ya kawo su bakin dogo. Sai ga kantunan kamfanoni, su UAC da Janhol da GBO, sai ga Kwarori, sai ga Yarbawa da Inyamurai akawuna da teloli da masu gyaran keke, sai ga 'yan dako daga ko'ina, sai ga unguwar da ake kira Tasha ko Sabon Gari ta fi tsohon garin rai. Haka akai a Funtuwa da Gusau, haka akai a Kafanchan da Minna, garuruwan da dogo ya ɗaga su sama alhali Katsina da Sakkwato da duk sarautarsu ko ƙarfe ɗaya ba su samu ba. Inda aka dasa tasha nan arziki ke tsugunawa, kuma ba sai an je da nisa ba, wanda ya san Rigasa ta Kaduna kafin a buɗe tashar jirgin Abuja a 2016 ya je ya tambayi kuɗin fili a can yanzu.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, leburan gyaran hanya ne har ya kai heluma, wato shugaban leburori. Aikinsa kullum bayan asuba ya saɓa wata doguwar guduma da ƙaton sifana ya kama layi a ƙafa, mil kaza gaba ya dawo, yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, in noti ya saki daga amon yake ganewa, yakan ce ƙarfe mai lafiya waƙa yake, mara lafiya tari yake. Da damina in akai ruwan dare ba ya jiran gari ya waye, da fitilar ƙwai zai fita ya duba ko ruwa ya cinye ƙasar ƙarƙashin dogo, dan a ƙasarmu ta yashi kwana ɗaya ya isa ka tarar da ƙarfe na lilo a iska. Da rani kuma yashin ne ke hawa kan layi sai an sa shebur. Ranar da babban mai duba hanya zai zo a ɗan keken nan na dogo da mutane ke turawa da gudu sannan su ɗane, ranar ba mai ganin dariyar babanmu sai keken ya wuce yankinsa.

Mu kuma yara aikinmu kasa kunne a kan ƙarfe, tun jirgi na nesa ba a ko hango hayaƙinsa za ka ji dogo na wani irin zuuu a kunnenka, sai mu ruga cikin gari muna ihu ga shi nan ga shi nan. Mukan jera ƙusa a kan layi jirgi ya taka ta ta zama 'yar wuƙa, wanda ya samu kwabo mai huji ya sa shi ma ya baje ya dawo kaman faifai, in babanmu ya kama ka kuwa ranar sai ka kwana a ruf da ciki. Na tashi na tarar da injin kwal yana aiki duk da an fara shigo da na dizal tun wajen tsakiyar shekarun 1950, sai dai su manyan layi aka fara ba, mu 'yan reshe sai daga baya. In injin kwal ya tsaya shan ruwa a tanki mata kan zo da ƙwarya da bokiti, wani direban mai kirki ya sakar musu ruwan zafi, wasu su tsinci ragowar garwashin da aka zubar. Sannan akwai abin nan da yake burge ni har gobe, layin ɗaya ne tak, jirgi biyu ba sa haɗuwa sai a tasha, dan haka direba ba ya tashi sai tasha masta ya miƙa masa wata alama a cikin zobe mai faɗi, ya kai ta tasha ta gaba ya miƙa a ba shi wata, in babu ita a hannunka ko kai waye ba ka motsawa. Ba kwamfuta ba komai, amma tsari ne mai kyau wallahi.

Mintunan da jirgi ke tsayawa su ne kasuwar garinmu. 'Yan mata da tire a ka suna bin taga taga, dafaffen ƙwan zabi, fura da nono, dafaffiyar gyaɗa, rake, ƙosai, har ruwan sha a tulu ana sayarwa, kuma sai jirgi ya fara motsi ciniki ke yin zafi, mai saye na riƙe da canji yarinya na gudu tana kuka, wani ya jefo kuɗin wani kuma Allah ya isa ce ke binsa har Nguru. Yayata da wannan tallan akai mata kayan ɗaki, kwalla da fanteka da gado mai rumfa, babu sisin bashi.

Nguru kuwa sai wanda ya gani. Na fara zuwa ina yaro tare da babanmu, na ga raƙuma a durƙushe a bakin tasha sun sauke kanwa da gishirin Manga, ga ƙaro a buhuna, ga fatu da ƙiraga an ɗaure su dami dami suna wani wari da har yau in na tuna sai naji shi a hancina, ga bandar kifi, ga busasshen naman da ake yi dan kasuwannin Ibadan da Legas, ga shanu ana kora su cikin tarago da sanda suna turjewa. Kanuri da Mangawa da Badawa da Fulani da Hausawa da Buzaye da Yarbawa duk a fili ɗaya, kowa na yarensa amma ciniki da Hausa. Kayan nan da yawansu daga hayin iyaka suke, daga ƙasar Damagaram da gabas da ita, dan a lokacin Nijar ba ta da dogo kuma bakin ƙarfen da ya fi kusa da su namu ne. Shi yasa in naji ana ta gardama a rediyo wai me ya haɗa mu da kai dogo Maraɗi sai nai murmushi, ai dama can kayan Nijar dogonmu suke hawa, ta Kano da Ƙaura Namoda da Nguru, sai dai da a bayan raƙumi da jaki da lori suke ƙarasowa.

Yanzu bari na taɓa dalar gyaɗa, kuma nasan wasu za su ji haushina. Kowa in ya tashi alfahari da Arewa sai ya kawo hoton dala, har a kuɗi an taɓa sa ta, kuma gaskiya abin kallo ce, buhu har 15,000 a dala ɗaya, ba Kano kaɗai ba har Malam Madori an yi su. Amma mu 'ya'yan reluwe mun san abinda dala take nufi, gyaɗa ce ke layin jiran tarago. Manomi ya noma ya kawo kan sikeli, an auna an biya, jirgin da zai kwashe zuwa Legas bai isa ba, inji kaɗan tarago kaɗan layi ɗaya, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, dan haka sai a jibge ta a rufe da tamfol, wata ta bara ta tarar da ta bana. Kenan tun ana ganiyar abin jirgin ya fara gazawa, kuma masu lori suna gefe suna kallo. Gwanintar 'yan dakon da ke hawa can ƙololuwa da buhu a wuya, wannan kam a yaba musu, na ga wani da idona yana hawa yana waƙa kaman ba komai ya ɗauka ba.

Abubuwan da suka kwantar da layinmu ba ɗaya ba ne kuma ba rana ɗaya suka zo ba. Babanmu yakan ce mutanen Nguru sun daɗe suna sa ran dogo zai zarce ya kai Barno ta wajensu, sai gashi da aka tashi yin na Barno da bashin dalar Amurka miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958, sai aka ɗauko shi daga Kuru kusa da Jos ya bi ta Bauchi da Gombe ya shiga Maiduguri a 1964, kayan Barno da na tafkin Chadi da ke zuwa Nguru suka samu wata ƙofar. Sai rikicin 1966, wannan ina da wayo. Tasha mastanmu mutumin Gabas ne, ya fi shekara goma a garin, 'ya'yansa Hausarsu ta fi tawa, matarsa ce ta koya wa innarmu ɗinkin keke. Ranar da za su tafi da daddare ya zo ƙofar gidanmu ya miƙa wa babanmu makullan sito da igiyar wata tunkiya tasu mai ciki yace a riƙe masa zai dawo. Tunkiyar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, babanmu bai taɓa yarda an sai da ko ɗaya ba sai da shekaru suka ja sosai, mutumin bai dawo ba, ko wasiƙa. Ba shi kaɗai ba, direbobi da makanikai da akawuna da yawa haka suka tafi a lokaci guda, kuma aikin jirgi ba a koyonsa a wata uku.

Sai farin 1973 ya zo, sai cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abinda fari ya bari, sai kuɗin fetur ya shigo aka hau shimfiɗa kwalta, tirela ta zo har ƙofar sito ta ɗauka ta kai har ƙofar mai kaya a kwana biyu, wa zai tsaya jiran tarago sati uku? Gaskiya ɗaya ce, mu kanmu mun gudu mun bar jirgin, ni da nake wannan surutun tun da na samu kuɗin mota ban ƙara tsayawa jiransa ba. An ɗan farfaɗo lokacin da aka kawo Indiyawa suka riƙe reluwe daga 1979 zuwa 1982, tsofaffin ma'aikata har yau suna zancen zamanin Indiyawa wai jirgi na zuwa kan lokaci, da suka tafi aka koma gidan jiya. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, kantunan bakin tasha suka zama kango ko sito na wani mai kuɗi. Jirgin da ke zuwa mana a kai a kai ya koma sai jefi jefi, har ya zama in an ji jiniyarsa sai tsofaffi su fito kallo kaman yara. Kasuwa ta tashi daga bakin dogo ta koma bakin titi, garin da kwalta ta bi ta cikinsa ya tsira, wanda ba ta bi ba kaman namu sai ya koma ƙauyen da yake tun farko, har ma ya fi da lalacewa dan yanzu ya san daɗin da ya rasa.

Nasan za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, na yarda. Kuma ba cewa nake lallai gobe a dawo da jirgin Nguru yadda yake ba, nasan tsohon layi faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon da ake yi yanzu ƙafa 4 da inci 8 da rabi, jirgin wannan ba ya hawa kan wancan, dan haka duk wanda yace maka za a haɗe su cikin sauƙi siyasa yake maka. Ko da yake in za a bi ta tawa, yankin da ke fitar da riɗi da zoɓo da shinkafa da alkama da dabbobin kasuwar Maigatari bai rasa kayan da zai cika tarago ba, kuma da ana ɗora su a dogo da titunanmu sun huta da tirelolin da ke farfasa su. Wannan na bar wa masana da 'yan majalisunmu na Jigawa da Yobe, in sun ga dama.

Abinda ke tsorata ni shine abinda ya faru da ƙaramin layin nan na Zariya zuwa Jos da akai dan kwasar kuza, wanda ya isa Bukuru a 1914 aka rufe shi a 1957. Yau je ka Soba ko Dutsen Wai ko Rahama ka tara samari ka ce su nuna maka inda jirgi ya bi, da ƙyar ka samu mai nuna maka. Shekara sittin da 'yan kai kacal, an shafe. Namu ma hanyar da ya kama kenan, dan a 'yar tafiyar da nai da jikana na ƙirga wurare da dama da aka kwance notuna aka zare ƙarfen ƙasa, kuma ba aljanu ne suka kwance ba, 'ya'yanmu ne ke kai wa 'yan gwangwan a auna musu a kilo. Na ga wani gida da aka yi dogarin ƙofa da guntun dogo, na ga inda aka ci filin reluwe da gini har kusan kan layi. Na tsaya ina kallon wani noti da aka bari a yashe, na tuna yadda babanmu ke tashi cikin sanyin hunturu saboda irinsa guda ɗaya, na ɗauka na sa a aljihu, yana nan kan teburina yanzu haka.

Toh roƙona gare ku Malam Edita, tunda ku kuna da wakilai da abin ɗaukar magana da kyamara. Ku tura mutum ɗaya ya bi layin nan daga tashar Kano har Nguru, ko a babur ne, tasha tasha, ya ɗau hoton abinda ya rage, allon suna, tanki, sikeli, kwatas ɗin ma'aikata, ya nemi tsofaffin direbobi da masu ba da hannu da leburori da 'yan dako da matan da sukai talla a taga, ya zauna da su a yi hira da Hausa a buga da Hausa kashi kashi. Ba su da yawa yanzu, a garinmu da na ƙirga waɗanda sukai aiki da babanmu saura mutum biyu, ɗaya ma ba ya ji sosai sai an ɗaga murya, amma da na ambaci injin kwal sai ga shi ya miƙe zaune yana kwaikwayon kukansa in zai hau tudu. Jami'o'inmu na Kano da Dutse da Kafin Hausa da Gashuwa suna da sashen tarihi ko ɗaliban da ke neman abin rubutawa, ga abu a ƙofar gida. Masu martaba sarakunan Ringim da Gumel da Haɗeja da Nguru, Allah ya ƙara musu lafiya, in suka sa baki ko ginin tasha ɗaya aka gyara aka tara tsofaffin fitilu da tutoci da tikiti da hotuna a ciki, 'yan makaranta sun samu wurin zuwa, kuma in dagaci ya ce kar wanda ya ƙara taɓa ƙarfen dogo a ƙasarsa an fi jin maganarsa fiye da ta ɗan sanda.

Su kuma mutanen Kazaure da Daura da Mashi da Jibiya da sabon dogo zai ratsa, ina taya ku murna, amma tun yanzu ku tambaya a ina za a dasa tasharku, nisanta nawa da kasuwa, akwai wurin lodin kaya ko ta fasinja ce kawai, jirgin zai tsaya ne ko wucewa zai yi kuna ɗaga masa hannu. Kakanninmu ba wanda ya tambaye su, ku kuwa kuna da bakin tambaya.

In wakilin naku ya shirya ku neme ni ta ofishinku, na bar lambata, zan raka shi da kuɗin motata, kuma har yanzu ina iya nuna masa daidai inda yankin babanmu ya fara da inda ya ƙare. Jikan nawa ma yace zai bi mu, wai sai ya ji daga bakin wani tsohon ba ni ba sannan zai yarda.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
ɗan tsohon heluman reluwe, daga Kano